Ragar Forgy: yadda injinan ƙa'idoji suka koyi rage cin ƙwaƙwalwa

A farkon shekarar 1980, a masana'antar kamfanin Digital Equipment Corporation, wanda aka fi sani da DEC, da ke garin Salem na jihar New Hampshire a Amurka, an fara miƙa wa wata manhaja aikin da a da sai ƙwararrun ma'aikata ke yin sa. Kamfanin ba ya sayar da kwamfutarsa VAX-11/780 a dunƙule kamar yadda ake sayar da akwatin rediyo. Kowane mai saye yakan zaɓi sassan da yake buƙata, daga nan sai wani gwani ya zauna ya duba ko sassan za su zauna lafiya da juna: ko akwatin zai ɗauke su, ko wutar za ta ishe su, ko an manta da wata waya. Kuskure guda kan sa a kai wa mutum na'ura mai ɗan karen tsada, ta zauna ba ta aiki saboda rashin waya ɗaya.

Manhajar da aka ɗora wa wannan nauyi John McDermott na Jami'ar Carnegie Mellon da ke Pittsburgh ne ya fara rubuta ta a 1978. Ya kira ta R1, DEC kuma ya kira ta XCON. Abin da ke cikinta ƙa'idoji ne masu siffar "idan kaza da kaza suka tabbata, to a yi kaza". Lokacin da ta fara aiki ƙa'idojin ba su kai 1,000 ba. Zuwa 1987 sun haura 6,000, kuma kusan rabinsu ana sake su kowace shekara saboda kayan kamfanin ba sa tsayawa wuri ɗaya. An ƙiyasta tana rage wa DEC asarar miliyoyin daloli a shekara. Za a iya cewa ita ce kakar injinan ƙa'idojin kasuwanci da bankuna da kamfanonin inshora ke amfani da su a yau wajen yanke hukunci kan wanda za a ba bashi da wanda za a yi wa ragi.

Labarin XCON an sha ba da shi. Wanda ba a cika bayarwa ba shi ne na injin da ke ƙarƙashinta, da cinikin da aka ƙulla domin ya yi sauri, da shekaru fiye da talatin da masana suka kwashe suna neman rage kuɗin wannan ciniki.

Abin da injin ke yi duk yini

Injin ƙa'idoji yana da abubuwa biyu: tarin ƙa'idoji, da tarin bayanai game da halin da ake ciki, wato wane ne mai saye, me ya yi oda, nawa ne farashi. Aikinsa zagaye ne mai matakai uku. Ya duba waɗanne ƙa'idoji ne bayanan da ke hannu suka cika sharuɗɗansu, ya zaɓi ɗaya, ya aiwatar da ita. Aiwatarwar takan ƙara wani bayani ko ta goge wani, don haka sai a koma farko. Asalin tunanin na masanin lissafi Emil Post ne a 1943, amma Allen Newell da Herbert Simon ne suka ɗauko shi a Carnegie Mellon suka mai da shi hanyar kwaikwayon yadda ɗan Adam ke warware matsala.

Matakin farko shi ne mai cin rai. Idan injin zai gwada kowace ƙa'ida da kowane bayani a kowane zagaye, to ƙa'idoji dubu da bayanai dubu sun isa su durƙusar da shi. Charles Forgy, wanda ɗalibi ne a jami'ar a lokacin, ya rubuta daga baya cewa an ga injinan da ke kashe fiye da kashi tara cikin goma na lokacinsu a wannan dubawa kaɗai.

Maganin da ya kawo ya fara bayyana a wata takarda ta cikin gida a 1974, ya faɗaɗa shi a kundin digirinsa na uku a 1979, sannan ya fito a mujallar Artificial Intelligence a 1982. Ya sa masa suna Rete, kalmar Latin mai nufin raga. Hujjarsa abu biyu ne da ya lura da su. Na farko, tsakanin zagaye da zagaye abin da ke canzawa a cikin bayanai kaɗan ne ƙwarai. Awon da Anoop Gupta da Forgy suka yi wa wasu manyan manhajoji a farkon shekarun 1980 ya nuna bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Na biyu, ƙa'idoji da yawa suna maimaita sharuɗɗa iri ɗaya. To me zai sa a sake lissafin da aka riga aka yi, alhali amsarsa ba ta canza ba? A ajiye amsar, a riƙa gyara ta da abin da ya shigo ko ya fita.

Ragar tana da ɓangare biyu. A na farko, kowane bayani yana bi ta ƙulle-ƙullen da ke gwada shi shi kaɗai: wannan oda ce? Kuɗinta ya haura kaza? Waɗanda suka tsallake sai a tara su a wani rumbu, wanda ake kira rumbun alfa. A ɓangare na biyu ake haɗa bayani da bayani: wannan odar ta wannan mai sayen ce? Ana haɗin ne daki-daki, sharaɗi na ɗaya da na biyu, sakamakonsu da na uku, har zuwa ƙarshen ƙa'idar. A kowane mataki ana ajiye haɗin da aka samu, ko da bai kammala ba, a rumbun beta. Duk haɗin da ya kai ƙarshen raga sai ya shiga jerin masu jira, inda injin zai zaɓi wanda zai aiwatar. Idan sabon bayani ya shigo, ba a taɓa sauran ragar. Yana bin hanyarsa ne kawai, ya gamu da abin da aka ajiye, ya ƙarasa abin da zai iya ƙarasawa.

A kan wannan raga aka gina harshen OPS5, wanda aka sake rubuta R1 da shi. Saurin da aka samu na gaske ne, domin lokacin da zagaye ke ci ya daina bin yawan ƙa'idoji kai tsaye. Amma an biya, kuma da ƙwaƙwalwar kwamfuta aka biya.

Inda rumbu ke cika

Rumbunan alfa ba su da hatsari sosai, domin abin da ke cikin kowannensu ba zai wuce yawan bayanan da ke akwai ba. Rumbunan beta ne ba su da wannan iyaka. Misali zai fi bayyana abin.

A ɗauka wani kamfani yana da masu saye 10,000, da nau'in kaya 2,000, da oda 30,000. Yana da ƙa'ida mai cewa: idan akwai mai saye, kuma akwai kaya, kuma akwai odar da wannan mai sayen ya yi ta wannan kayan, to a lissafa masa ragi. A kunnen mutum zancen daidai yake. Amma ragar za ta fara haɗa sharaɗi na ɗaya da na biyu, kuma babu abin da ya ɗaure mai saye da kaya sai odar da ba a kai gare ta ba tukuna. Saboda haka za ta haɗa kowane mai saye da kowane kaya, ta ajiye haɗi miliyan 20 a rumbun beta. Idan kowane haɗi ya ci bayit 50 kacal, an tashi da gigabayit guda domin ƙa'ida ɗaya tak, kuma daga cikin miliyan 20 ɗin waɗanda za su taɓa amfani ba su wuce 30,000 ba.

Yanzu a juya jerin: mai saye, sannan odarsa, sannan kayan da ke cikin odar. Ma'anar ƙa'idar ba ta canza ba, hukuncin da za ta yanke ma bai canza ba, amma rumbun tsakiya ba zai taɓa wuce haɗi 30,000 ba. Idan kuwa sharuɗɗan da ba a ɗaure ba guda uku ne, ba biyu ba, sai lissafin ya ninka sau uku a jere, kuma babu kwamfutar da za ta ɗauka.

Yana da kyau a tuna da irin na'urorin da aka yi wannan ciniki a kansu. Kwamfutar PDP-10, irin wadda masu binciken Carnegie Mellon ke aiki da ita a shekarun 1970, tana ba manhaja damar kaiwa ga kalmomi 262,144 ne kawai masu bit 36, wato megabayit ɗaya da 'yan kai. Sayen lokaci da ƙwaƙwalwa a kan irin wannan na'ura ƙarfin hali ne. Abin da ya sa ya yiwu shi ne manhajojin zamanin suna da ƙa'idoji masu yawa amma bayanai kaɗan, sau da yawa ɗaruruwa ne kawai a lokaci guda.

Ragar kanta ta zo da nata tsimin. Idan ƙa'idoji biyu suka fara da sharuɗɗa iri ɗaya a jeri iri ɗaya, sai su yi tarayya a ƙulli ɗaya da rumbu ɗaya. Masu gina injinan sun kuma koyi kada su kwafe dukan haɗi a kowane mataki. Sabon haɗi ya riƙe bayaninsa guda, ya nuna uban da ya fito daga gare shi, kamar yadda ake jera nasaba. Sai dai kusan duk dabarar ƙara sauri da aka shigo da ita daga baya ta ƙara nauyi. Fihirisar da ke sa a gano abokin haɗi nan take tana cin wuri. Alamomin da ke sa a goge haɗi ba tare da sake lissafi ba su ma suna cin wuri. Har ila yau, tsimin biyu kan ci karo: jerin da zai sa ƙa'ida ta yi tarayya da 'yan'uwanta ba lallai ne ya zama jerin da zai rage mata haɗin banza ba.

A OPS5, da CLIPS da hukumar NASA ta fara ginawa a 1985, jerin da marubuci ya rubuta shi ragar ke bi. Don haka nauyin ya koma kan mutum. Littattafan koyar da CLIPS suna cike da nasihar a sa sharaɗin da ya fi tsauri a gaba, a sa wanda bayanansa ke yawan canzawa a baya, kuma harshen yana da umarni na musamman da ke nuna yawan guntayen haɗin da wata ƙa'ida ta tara. A nan akwai abin mamaki. An tallata ƙa'idoji da cewa mutum zai faɗi abin da yake so ne kawai, na'ura ta san yadda za ta yi, sai ga shi dole ya san cikin na'urar kafin ya jera layi uku.

Wanda ya ce a zubar da rumbun

Ƙalubale na farko mai ƙarfi ya fito ne daga Jami'ar Columbia a New York. A can Salvatore Stolfo yana jagorantar gina wata na'ura mai suna DADO, wadda aka jera ƙananan injinan sarrafawa a cikinta kamar rassan bishiya. Samfurinta na biyu yana da 1,023, kowanne da 'yar ƙwaƙwalwarsa. Rumbunan beta masu kumbura ba su dace da irin wannan gini ba. Ɗalibinsa Daniel Miranker ya ƙirƙiro wata dabara mai suna TREAT domin na'urar, sannan ya gano tana da amfani har a kwamfuta ta yau da kullum. Ya gabatar da hujjarsa a babban taron masana ƙirƙirarriyar basira na Amurka a 1987, kuma tun daga kan takardar ya yi iƙirarin cewa tasa ta fi.

TREAT tana riƙe rumbunan alfa da jerin masu jira, ta zubar da duk abin da ke tsakani. Idan sabon bayani ya shigo, sai a fara bincike daga kansa, a nemo abokan haɗinsa a rumbunan alfa, a zuba sakamakon a jeri, a manta da matakan da aka bi. Tunda ba a ɗaure da rumbunan da aka riga aka gina ba, ana iya zaɓar jerin haɗin da ya fi sauƙi a wannan lokacin. A misalin da ya gabata, sabuwar oda za ta nemo mai sayenta ɗaya da kayanta ɗaya, shi ke nan.

Mafi kaifin hujjar Miranker a kan gogewa take. A Rete ta asali, idan an cire bayani sai an sake bin duk hanyar da ya bi lokacin shigowa domin a kwashe guntayen haɗin da ya haifa. Tunda kusan duk bayanin da ya shigo wata rana zai fita, ashe ana biyan kuɗin rumbun sau biyu. A TREAT kuwa, sai a leƙa jerin masu jira a cire duk wanda ya ƙunshi bayanin da ya tafi. Inda ta fi shan wahala shi ne sharaɗin korewa, irin "idan babu odar da ba a biya ba", domin a nan fitar bayani ce ke haifar da sabon haɗi, dole a yi bincike.

Ba a bar maganar ta wuce haka ba. A 1988 Pandurang Nayak da Anoop Gupta da Paul Rosenbloom suka gwada dabarun biyu a kan Soar, wani babban tsarin kwaikwayon tunani da aka gina da ƙa'idoji, suka samu Rete ce a gaba a yawancin gwaje-gwajen. Dukan ɓangarorin biyu suna da gaskiya a kan manhajojin da suka gwada. Inda ƙa'idoji ke da sharuɗɗa masu yawa kuma bayanai na daɗewa, ajiya tana biyan kanta. Inda bayanai ke shiga suna fita da sauri, ajiya asara ce. Abin da muhawarar ta tabbatar shi ne amfanin rumbun beta ba doka ba ne, ya danganta ne da halin aikin. Daga nan aka samu masu bin tsakiya, irin ragar Gator ta Eric Hanson, wadda ke auna kowane haɗi ta yanke ko ya cancanci a ajiye shi.

Miranker, wanda ya koma Jami'ar Texas da ke Austin, bai tsaya nan ba. A 1990 shi da David Brant da Bernie Lofaso suka juya kan abin da TREAT ta bari, wato jerin masu jira. Tambayarsu mai sauƙi ce. A kowane zagaye ƙa'ida ɗaya ake aiwatarwa, kuma aiwatar da ita sau da yawa yakan rushe da yawa daga cikin waɗanda ke jira. Me ya sa za a lissafa su duka a jera, alhali yawancinsu ba za su kai ga layinsu ba? Dabarar da suka kira LEAPS tana nemo haɗi ɗaya ne kawai, wanda ya kamata a aiwatar yanzu. Da ta same shi sai ta dakatar da bincike, ta sa alama a inda ta tsaya, ta ci gaba daga nan idan buƙata ta taso. Abin da take ajiyewa alamomin ne, ba haɗe-haɗen ba, don haka wurin da take ci ya daina ninkuwa da yawan sharuɗɗa. Ita ma tana da nata kuɗin: dole kowane bayani ya ɗauki hatimin lokaci, kuma wasu bayanan da aka goge sai an riƙe inuwarsu saboda sharuɗɗan korewa. Ga kuma wuyar fahimta, har sai da Don Batory, abokin aikinsu a Austin, ya rubuta takarda guda a 1994 domin kawai ya bayyana yadda take aiki.

Daga wannan zamani ne aka gaji wani gwaji mai ban dariya da ake kira Miss Manners: a zaunar da baƙi a teburin walima, namiji kusa da mace, kowane maƙwabta biyu su kasance suna da abin sha'awa ɗaya. An tsara shi ne yadda zai cika rumbunan beta, kuma ya shekara da shekaru yana zama ma'aunin da kamfanoni ke alfahari da shi, duk da cewa babu banki ko kamfanin inshorar da aikinsa ya yi kama da zaunar da baƙi.

Akwai reshe na uku da ya fito daga Carnegie Mellon ɗin kanta. Soar tana koyon sababbin ƙa'idoji da kanta, don haka yawansu ba ya tsayawa. Robert Doorenbos, a kundinsa na 1995, ya yi gwaji da tsarin da ƙa'idojinsa suka haura 100,000, ya gano lokaci mai yawa yana tafiya ne wajen ƙwanƙwasa ƙofar ƙullin da ɗaya ɓangarensa fanko ne, inda ba yadda za a yi a samu haɗi. Sai ya sa a cire irin wannan ƙulli daga hanya har sai fankon ya samu abu, sannan a mayar da shi. Lokaci yake neman tsimi, ba wuri ba, amma tunanin zai dawo da amfani ta wata fuskar bayan shekaru goma sha takwas.

Da injin ya shiga ofis

Kasuwar manhajojin gwanaye ta faɗi a ƙarshen shekarun 1980, amma injinan ba su mutu ba, sun sake suna ne. Ernest Friedman-Hill ya rubuta Jess da harshen Java a ɗakunan binciken Sandia a 1995. Kamfanin ILOG na Faransa ya fito da JRules, wanda ya koma hannun IBM da ya sayi kamfanin a 2009. Bob McWhirter ya fara Drools a 2001, Mark Proctor ya karɓi ragamarsa, aikin ya shiga JBoss, daga nan Red Hat. Kusan dukansu da Rete suka fara, domin ita ce aka sani, ita ce kuma masu saye ke tambaya.

Sai dai aikin ya canza a ƙarƙashinsu. XCON tana zama da oda ɗaya ta yi zagaye ɗaruruwa, kowane mataki yana ginuwa a kan na baya. Yawancin ƙa'idojin kasuwanci ba haka suke ba. Takardar neman bashi ta shigo, a gwada ta da ƙa'idoji, a ba da amsa, a watsar da komai, ta gaba ta shigo. Hujjar Forgy ta farko, cewa abin da aka lissafa yanzu zai yi amfani a zagaye na gaba, ta rushe, tunda babu zagaye na gaba. Inda kuma aka zuba bayanai da yawa a lokaci guda, to miliyoyi ne daga ma'ajin bayanan kamfani, ba ɗaruruwan da OPS5 ta saba da su ba. Ƙwaƙwalwa ta yi araha ninkin ba ninkin, amma ninkawar haɗi ta fi arahar gudu. A Java kuma kowane guntun haɗi abu ne da mai sharar ƙwaƙwalwa zai bi ya duba, don haka cikar rumbu takan bayyana a matsayin tsaiko a daidai lokacin da mai saye ke jiran amsa.

Martanin kamfanonin shi ne su buɗe wata ƙofa a gefen ragar. JRules ya samar da yanayin aiki na bi-da-bi, inda ake gwada ƙa'idoji ɗaya bayan ɗaya ba tare da ajiye komai ba, sannan ya ƙara wani mai suna Fastpath da ke tarayya a gwaje-gwaje amma ba ya riƙe haɗi. Drools ma ya samu nasa yanayin bi-da-bi, ya kuma raba zama iri biyu: wanda ke riƙe bayanai tsawon lokaci, da wanda ke mantawa da zarar ya ba da amsa. An kuma raba ginin ragar, wanda ake yi sau ɗaya kowa ya yi tarayya a kansa, da rumbunan da kowane zama ke cikawa nasa daban. Wato bayan shekaru talatin, an dawo da wani abu mai kama da hanyar da Forgy ya gudu daga gare ta, kuma ga wannan aikin ita ce daidai.

Zama mai daɗewa yana da tasa cutar. Injin ba ya mantawa da bayani sai an ce masa ya goge, kuma muddin bayanin yana nan, duk haɗin da ya haifa yana nan. Manhajar da ke sa ido kan hada-hadar katin banki, tana zuba bayani ba ta cirewa, za ta yi ta kumbura har ta faɗi. Shi ya sa Drools 5, a 2009, ya shigo da bayanai masu wa'adi: idan ƙa'idoji ba sa duba abin da ya wuce minti goma, injin zai iya gane haka ya share wanda ya tsufa da kansa.

Babban sauyin ya zo da Drools 6 a ƙarshen 2013, lokacin da aka maye gurbin ragar da wata dabara mai suna Phreak. Masu ginin ba su ɓoye inda suka aro ba. Sun ambaci LEAPS da aikin Doorenbos a cikin abubuwan da suka ɗora a kai. A Phreak, bayanin da ya shigo yana bi ta ɓangaren alfa, sannan ya tsaya a bakin ɓangaren haɗi yana jira. Kowace ƙa'ida tana da 'yan alamomi, bit ɗaya ga kowane yanki na hanyarta, kuma ba a fara yi mata haɗi ko ɗaya sai dukan mashiganta sun samu bayani. Ko a lokacin ma sai layinta ya zo, kuma ana tura bayanan ne a dunƙule, ba ɗaya-ɗaya ba. Ƙa'idar da ke jiran odar da ba ta taɓa zuwa ba ba za ta haɗa mai saye da kaya ba sam. A tarin ƙa'idoji dubbai, inda kowace takarda ke taɓa kaɗan daga cikinsu, wannan tsimi ne babba. Sunan Rete ne ya yi nasara a kasuwa, amma tambayar Miranker ce ta tsara cikin injin.

Forgy shi ma ya ci gaba da gyara ragarsa, da Rete II da waɗanda suka biyo baya, amma na kasuwa ne, ba a wallafa cikakken bayaninsu kamar na 1982 ba, don haka abin da sauran masana suka iya ginawa a kai shi ne wanda aka buga a fili.

Phreak dai ba ta zubar da rumbun beta ba, ta jinkirta cika shi ne. Da zarar dukan mashigan ƙa'ida sun samu bayani kuma layinta ya zo, ana yin haɗin, ana kuma ajiye shi domin zagaye na gaba kamar yadda Forgy ya tsara. A kamfanin nan mai masu saye 10,000 da kaya 2,000, idan oda ɗaya tak ta shigo, ƙa'idar da aka jera da mai saye, kaya, sannan oda za ta farka ta gina haɗinta miliyan 20.